Saki a Gaban Kamera

"Sau nawa ya faɗa?"

Mansura tana durƙushe gaban mahaifinta a zaure, mijinta Lurwanu yana gefenta. Har lokacin ba ta ga abin tashin hankali ba.

"Baba, fim ne fa. Aikin ƙarshe ne da lakol, makarantarmu, ta ba mu. Wadda za ta fito a matar ba ta zo ba, sai na shiga da kaina, shi kuma ya fito a mijin..."

"Ban tambaye ki lakol ba. Lurwanu, ka dubi ɗiyata ka ce ka sake ta. Indo maƙwabciyarku ta jiyo ta kan katanga. Sau nawa?"

Lurwanu ya amsa a hankali. "Na farko babur ya wuce, ƙararsa ta ɓata maganar. Na biyu dariya ta kama ni. Sai ta ce a maimaita..."

"Uku ke nan."

Mahaifin nata, Malam Sabo, ya runtse ido, ya yi salati mai tsawo. "Saki ba shi da wasa. Tashi ki shiga wurin uwarki. Kai kuma ka tafi, yanzu ba matarka ba ce."

Mansura ta dubi Lurwanu. Ita ta rubuta kalmomin da hannunta. Ita ta koya masa yadda zai ɗaure fuska. Lokacin da garin Gazawa duka ke cewa matar aure ba ta zuwa birnin Yamai karatun fim, Lurwanu kaɗai ya tsaya mata, shi ya ɗauki akwatinta har tasha. Yau ga sakayyar da ta yi masa.

Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Kashegari Inna Habi, uwar Lurwanu, ta shigo ta ja ƙofa.

"Ɗiyata, goge fim ɗin nan. Ku ce sau ɗaya ne. Wa bai san kunnen Indo ya yi nauyi ba? Saki ɗaya, gobe ya maida ke."

Mansura ta dubi kwamfutarta. Danna wuri guda ne kawai, ta koma ɗakinta.

"Inna, in na koma da ƙarya, kullum zan riƙa tambayar kaina ko zaman haram muke yi. Ba zan goge ba. Malami zan kai wa ya gani."

"Taurin kan nan naki shi ya kai mu nan!"

Da yamma Lurwanu ya kira ta a waya. "Zuciyata, in malamin ya ce uku ne fa?"

"To sai in rasa ka da gaskiya..." Ta toshe baki da mayafi, ta kashe wayar.

Malam Sabo ya ce ba zai karɓi fatawar kowa ba sai ta malaminsa, Malam Abdurrahaman na Tibiri. Suka shiga mota su uku, shi da Mansura da Lurwanu, suka wuce Maraɗi har Tibiri.

Malam Abdurrahaman ya gyara tabarau, Mansura ta kunna masa. Ya ga babur ya wuce. Ya ga Lurwanu yana dariya. Ya gan ta tana kama kafaɗarsa tana gyara masa tsayuwa, tana cewa, "Haba mana, mugun miji ne, kai sai murmushi kake." Ya sa aka maido masa wurin, ya ƙara kallo.

"Yaro, da kake faɗa, rabuwa da ita kake nufi, ko tsokanarta kake?"

"Ko ɗaya, Malam. Cewa aka yi in zama wani mutum. Ni ban ma iya ba."

"Na ga ba ka iya ba." Ya juya. "Sabo, ka yi gaskiya, mai wasa da saki ya yi saki. Amma wannan maganar wani aka sa mashi a baki. Ni nan da nake karanta muku babin saki kuna yara, matana sakuwa suke yi? Aure yana nan."

Ya dubi Mansura.

"Ke kuma mai fim, da kin goge shi, da ba ni da abin dubawa sai maganar Indo. Amma kada ki ƙara sa kalmar nan a bakin mijinki."

Malam Sabo ya sunkuyar da kai. Sai ya ce, "Lurwanu, ɗauki matarka."

A motar komawa Malam Sabo ya zauna gaba. Lurwanu ya lalubo hannunta ta ƙarƙashin mayafi, ya matso da bakinsa kunnenta.

"Mansurata, in kin koma Yamai ki nemi wani mugun mijin. Ni riƙe maki kamera kawai zan yi."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Ta kifa kai a kafaɗarsa, a cikin mutane, ba ta damu ba. Mahaifinta ya hango su ta madubi, ya kawar da kai, ya ce wa direba ya ƙara sautin rediyo.