Farashin Dandamalin Gidan Nagano

A garinmu Hita, inda kowane lungu ke ƙamshin katakon itacen sugi, Genta kafinta ya je gidan tsoho Nagano auna filin da ke bayan gidan. Tsohon yana son dandamalin katako, wurin shan iska da miƙe ƙafa. 'Yarsa Chizuru ce ta riƙe wa Genta bakin tef ɗin awo. Ya yi ta karanta awon yana mantawa.

"Genta-san, ni fa ba bango ba ce," ta ce tana dariya. "Can za ka duba."

Kafin damina ta wuce sun shaƙu. Yana kiranta Chii-chan, tana kiransa Sarkin Ƙusa.

To amma mu nan ba a ba da aiki da farashin mutum ɗaya. Ko ɗan'uwanka ne, sai ka kira wani ya auna, ka gwada. Nagano ya ware yen dubu ɗari huɗu, ya rantse ba zai ƙara ba, sannan ya kira Kanemoto, ɗan wani ɗan kwangila, mai farar mota da gashi kamar saniya ta lashe.

Genta na wucewa ya hango Chizuru riƙe da tef ɗin Kanemoto, tana dariyar nan tata. Nan take ya tura mata saƙo:

"Na ga kin samu sabon maigida. Har da shayi."

"Baƙo ne, Sarkin Ƙusa. Kai ma ai ka sha."

"Ni ba a haɗa min da kek ba."

"Rubuta farashinka, ka bar ƙirga kek ɗin mutane."

Kishi mugun akawu ne. Don kawai ya kayar da Kanemoto, Genta ya cire ladan aikinsa, ya cire kuɗin simintin ginshiƙai, ya cire na fenti, har farashin ya koma rabi.

Nagano ya duba, ya dube shi.

"Yaro, wannan ko katakon ba zai saya ba. Ko dai ruɓaɓɓen itace za ka kafa min, ko kuma kai wawa ne. Na san abin da ke kawo ka gidan nan. Wanda ya kasa sa wa guminsa kuɗi, da me zai riƙe 'yata? Tashi."

Sai ga labari a gari cewa mahaifiyar Kanemoto ta kai ziyara gidan Nagano da kwandon lemo, irin ziyarar neman aure. Genta ya daina cin abinci, ya daina amsa waya, ya koma yana huce haushi a kan ƙusa.

Chizuru ta same shi a shago.

"Ka zaci gwanjona ake yi, wanda ya fi araha ya ɗauka?"

"Mai farar motar fa?"

"Ya yi magana, na ce masa ya makara. Kowa ya gane wanda nake so, sai kai sarkin kurame."

"Kin yi masa dariya, Chii-chan."

"Ya taka kashin kare da takalminsa mai tsada. In yi kuka?"

Genta ya sake lissafi, na gaskiya wannan karon, ya koma ya durƙusa gaban tsohon.

"Ya wuce abin da na ware," in ji Nagano. "Na Kanemoto ma ya fi sauƙi. Rage."

"Ko yen ɗaya ba zan rage ba, Nagano-san. Amma a rage faɗin da taku biyu, a bar matakala sai baɗi, fenti kuma a shafa a gida, sai ya shiga kuɗinka."

"Wa zai shafa? Ni da bayan nan nawa?"

"Ni da Chizuru-san, in ka yarda. Sugi kuwa duk shekara yake son fenti."

"Duk shekara?"

"Muddin ina numfashi."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya.

"Yanzu na ji magana. Chizuru! Bar laɓe, kawo wa mutumin nan kek."

Da bazara aka yi bikin. Nagano ya miƙe a gaban jama'a.

"Ku zauna lafiya, ku haifa, ku tsufa tare. Na ba ka ita, surukina, ba don araha ba. Kishin nan dai ka sassauta, kar ka cinye min 'ya."

Chizuru ta matse hannun angonta, ta raɗa masa: "Kishin nan, ka bar min kaɗan."