Madubin Malvina

A Prague, 1942, Jamusawa sun hana Yahudawa wasan kwaikwayo, suna ta kwashe su zuwa sansanonin mutuwa. Malvina Taussig, Bayahudiya 'yar wasa, wadda a da ake cika zaure don kallonta, ta yi wata bakwai ɓoye a ɗakin tufafin gidan wasan. Ta waje ake kulle ƙofar.

Wani dare ta farka ta ga tsohuwa tana lulluɓe madubi da baƙin ƙyalle. Katakon daɓen, da ko ɓera ya taka sai ya yi ƙara, shiru.

"Iya, sauke. Ai ba ma rufe madubi sai an yi rasuwa. Wa ya mutu?"

"Har yau ba ki rage surutu ba, Malvinka. Nawa babu wanda ya rufe. Naki ba zan bar shi a buɗe ba."

Muryar mahaifiyarta ce, wadda aka tafi da ita a jirgin ƙasa bara.