Abin da Ta Gani a Wuyan Umma

"Auta! Wai har yanzu kina gaban madubin nan? Yaron mutane ya gaji da danna hon a ƙofar gida!"

Mami ce ke ƙwala kira daga kicin. Auta ta sake warware ɗankwalinta. Abin dariya, matar da ke tsayawa gaban manyan farfesoshi ta zuba bayani ko gezau, yau ɗaurin ɗankwali ya gagare ta don kawai za a kai ta gaida mahaifiyar wanda za ta aura.

A gida Auta ce, a wurin aiki Dokta. Amma fa ba likitar allura ba ce. Aikinta bin diddigin cuta a cikin jama'a. Shekara da shekaru tana bibiyar dubban mata, tana tambayar abin da suke ci, tana auna ƙugunsu da jininsu, don a gano abin da ke jawo musu ciwon sukari da hawan jini. Aikin ya shiga jikinta har ya yi yawa, ko a layin banki take idonta na kan kumburin ƙafafun mutane.

Mami ta tare ta a bakin ƙofa. "Ki ji ni da kyau. Ki bar ofis a ofis. Ki gaisa, ki sunkuyar da kai, abin da ba a tambaye ki ba kada ki ce."

"Haba Mami, sai ka ce wata yarinya!"

"Ni na haife ki, na san bakinki."

Injiniya, saurayin nata, yana ta tsokanarta a mota har suka isa. Falon mahaifiyarsa cike yake: ga Umma a kan doguwar kujera, ga yayarsa da kowa ke kira Anti Babba, ga maƙwabta biyu da suka zo ganin ƙwaƙwaf. Umma ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta zaunar da ita kusa da ita tana ta sa mata albarka.

Da Auta ta tsaya kallon kafet kamar yadda aka ce mata, da an rabu lafiya. Ina! Idonta ya riga ya fara aiki. Ta ga Umma ta shanye jug guda na ruwa ta ce a ƙaro. Ta ga tana yawan tashi zuwa banɗaki. Da mayafin Umma ya zame kuwa, sai ga wani baƙi mai kauri ya zagaye bayan wuyanta. Auta ta san wannan baƙin, kullum tana ganinsa a wurin aiki. Ta cije leɓe, ta tuna Mami.

Sai Umma da kanta ta buɗe ƙofar. "Ɗiyata, wai wane irin aiki kike yi ne? Ya ce min ke likita ce amma ba kya duba marasa lafiya."

"Umma, ai irinku muke bincike a kai," in ji Auta, muryar ofis ta kufce mata. "Wannan baƙin na wuyanki ba datti ba ne. A cikin matan da muke bibiya, masu irin shekarunki da irin jikinki da wannan ƙishirwar, yawancinsu sukari ne. Waɗanda ba su kula ba kuwa, wasu ido ke tafiya, wasu ƙoda, wasu har ƙafa ake yanke—"

Maƙwabtan suka zuba wa wuyan Umma ido.

"Innalillahi!" Anti Babba ta miƙe tsaye. "Ranar farko? Ko shayi ba ki shanye ba kin fara yi wa uwarmu fatan yanke ƙafa?"

Umma ta ja mayafinta ta rufe wuya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi ɗanta ta ce, "Mayar da ita gidansu."

Kuka Auta ta yi tun daga mota har ɗakin Mami. Abu biyu ke cin ranta, ta rasa wanda ya fi zafi: za ta rasa mutumin da take so, kuma can ga baiwar Allah tana zaune da ciwon da ke cin ta a ɓoye.

Bayan kwanaki Injiniya ya zo, duk ya faɗa. Suka tsaya a jikin motarsa.

"Na shawo kanta," ya ce. "Sharaɗi ɗaya ta kafa. Ki zo gaban mutanen da kika yi maganar, ki ce suɓutar baki ce, lafiyarta ƙalau. Shi ke nan, maganar aurenmu na nan."

"In ce lafiyarta ƙalau?"

"Filis, Dokta! Kalma biyu ce fa. In an yi auren sai mu lallaɓa ta a hankali."

"In na faɗi haka a gaban mutane, wa zai ƙara iya kai ta asibiti? Da bakina za ta kafa hujja. Ta ce ai likitar ma ta janye."

"To ni fa? Ni ba kya tausayina?"

Ta juya ta shige gida, hawaye na zuba. Ko Mami da ta ji, cewa ta yi, "Auta, kada ki kashe aurenki da taurin kai. Mutane nawa ke faɗar abin da bai kai zuci ba don a zauna lafiya?"

Ta je. Ta durƙusa a gaban Umma, maƙwabtan nan na zaune, Anti Babba ta harɗe hannu a ƙirji.

"Umma, ki yafe min. Na kunyata ki a ɗakinki, a gaban baƙinki. Na yi miki magana kamar ina karanta sakamako a kwamfuta, alhali ke uwa ce. Wallahi ban kyauta ba."

"Na ji. Faɗi sauran."

Auta ta ɗago ta dubi Injiniya. Idonsa na roƙonta.

"Sauran ba zan iya ba, Umma. Ki bari a auna ki, ko ba ni ba, ko a ina ne."

"Kun ji ko!" in ji Anti Babba tana tafa hannu.

Umma ta kau da kai. "To kin zaɓa."

Aka jingine maganar aure. Watannin da suka biyo baya Auta ba ta san daɗinsu ba. Waya na ƙara gabanta zai yanke ya faɗi, ta ɗauka mugun labari ne. Ta rame har abokan aiki suka fara tsokanarta wai a sa ta cikin binciken. Duk da haka ba ta taɓa zuga Injiniya ya saɓa wa mahaifiyarsa ba. In ya kira yana huci, sai ta ce, "Ka bi ta a hankali, uwa ce. Ka dai saya mata takalmi mai taushi, kuma ka riƙa duba ƙafarta." Tana aika gaisuwa, ba a amsawa, ba ta fasa ba.

Wata safiya, ranar awo, benci-benci cike da matan binciken, nas ta leƙo ofishinta. "Dokta, ga wata dattijuwa can ta hana kowa ya taɓa ta. Wai ke take nema."

A ƙarshen benci ta same ta, ita kaɗai, ta ja mayafi har hanci, ƙafa ɗaya naɗe da tsumma. Umma ce.

Wannan karon Auta ba ta ce uffan a gaban mutane ba. Ta kama hannunta ta kai ta ciki, ta rufe ƙofa, ta durƙusa ta warware tsumman. 'Yar ƙusa ce ta karce ta, ciwon ya ƙi warkewa, gefensa har ya fara canza launi.

"Za a yanke?" in ji Umma.

Lissafi ya taso wa Auta har bakin harshe. Ta haɗiye shi.

"Ban sani ba tukuna, Umma, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Amma kin zo, kuma ina tare da ke. Tashi mu je wurin likitan ƙafa."

Zaman jiran nan ya fi mata duk watannin baya tsawo. Tana riƙe da jakar Umma tana addu'a har likitan ya fito. Sukari ne, ya hau sosai. Amma ƙafar za ta tsira, in aka kiyaye magani da abinci. Auta ta fashe da kuka kamar ita aka yi wa albishir.

Umma ta daɗe tana kallonta daga kan gado.

"Duk wanda na nuna wa ƙafar nan cewa yake ba komai, don ya faranta min," ta ce. "Har Anti Babbarku. Da tsoro ya ishe ni, na zauna ina tunanin wa zai gaya min gaskiya ko da zai yi asara. Ke kaɗai kika zo min a rai. Da kin janye ran nan, da na ba ki ɗana, amma da yau ban san wurin wanda zan je ba."

Haka abin yake, 'yan uwa. Gaskiya na son a tausasa ta, a zaɓa mata wuri da lokaci, wannan Auta ta koya da hawayenta. Amma ba a sayar da ita don a sayi soyayya, kuma wanda ya yi haƙuri a kanta ba ya taɓewa.

Umma ta share ido da gefen mayafi, ta miƙa mata waya. "Kira min shi."

Yana ɗauka ta karɓe. "Kai, kana ina? Ka zo asibiti ka ɗauke mu."

"Asibiti? Umma, ke da wa?"

"Ni da matarka."