Ƙofar da Ta Ƙi Gadon Sakinatu

Yahuza ya gama gyaran ɗakinsa bai kira Gwaggo Asibi ba, gadon amarya kuma ya ƙi shiga. Kuskuren ke nan, babu wani.

A kasuwar Ollelewa ya fara ganin Sakinatu, shekara huɗu bayan samun ƴancin kai. Man gyaɗa take sayarwa. Ya tsaya yana taya kwalba, alhali ba shi da mai yi masa miya.

"Malam, saye za ka yi, ko rana kake tare mini?"

"In kin yarda, in tare miki ita har magariba."

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Daga ranar yake kiran ta Hasken Ido, ita kuma tana ce masa Sarkin Gardama, don ba ya jin shawarar kowa.

Da manyansa suka je tambaya, mahaifinta Malam Barmo bai yi kwana-kwana ba.

"Yaron ba shi da laifi. Amma soron da ubansa ya bari, jemage ma ya tashi daga ciki. Ya gyara, in ba shi."

Yahuza ya tuɓe riga ya kama aiki a tsakiyar bazara, lokacin da rijiya ke rowa. Jaki yake korawa tun asuba ya ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa.

Gwaggo Asibi ƙanwar Malam Barmo ce, kuma ita ke tsara ɗakin kowace amarya a garin. Ita ke nuna faɗin ƙofa, da inda za a fitar da kantar jera kwanoni, ita ke kafa tasoshi a bango tun yaɓe yana ɗanye. Ta biyo ta wajen, ta ce, "Ɗan nan, kafin bango ya kai ƙirji ka kira ni."

"Gwaggo, gini na maza ne. In na gama, ku zo ku yi adonku."

Ta juya ta wuce.

Ya gama, ya shafe bango sumul, rana ta gasa shi ya zama kamar dutse. Ƙofar kuwa ya matse ta, wai don kada iska ta dame su.

Ranar da mata suka zo kafi, wato jeren ɗakin amarya, gadon ƙarfe ya iso daga Damagaram a kamyon, babbar motar kaya ta Zakari, direban da shi ma ya daɗe yana zagayen gidan Malam Barmo. Kan gadon dogo ne, an haɗe shi, ba ya kwancewa. Aka juya shi ta tsaye, aka juya ta kwance, ya ƙi. Gwaggo Asibi ta sunkuya ta shiga, ta ƙwanƙwasa bango da zobenta.

"Ina kanta? A ka za ta ɗora kwanonin? Wannan rumbu ka gina, ba ɗakin ƴata ba."

Zakari ya jingina da motarsa ya ce, "Ni ƙofata, da kamyon ma sai a shiga."

Mata suka kwashe kaya suka koma, gari ya ɗauka. Malam Barmo ya aiko cewa wanda ya raina ƴar'uwarsa ya kunyata ƴarsa a gaban jama'a, ya je ya nemi aure a wani gida.

Kwana uku Yahuza bai ci abin kirki ba. Ga gadon har yanzu a kan kamyon Zakari. A na huɗu ya tare Sakinatu a hanyar rijiya, idonsa jajir.

"Gidansa za a kai gadon, ko?"

"Haka ka ɗauke ni? Ba a sami wurin ajiye shi ba ne kawai. Ba Zakari a raina, Baba ma ya sani. Amma ya ce garin Tarka zai kai ni wajen kawuna in zauna." Ta share hawaye da gefen mayafi. "Sarkin Gardama, kai da bango, wa ya fi wani tauri? Ka je wajen Gwaggo. In ba ka je ba, ka rasa ni, ni ma na rasa ka."

"Hasken Ido, kada ki yi kuka a kan hanya."

"To ka je."

Ya je. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa.

"Gwaggo, na yi wauta."

"Ka yi. Ƙofa za ka fasa, ka kankare yaɓen ciki duka, a sake sabo ina tsaye."

"Rijiya ta ƙafe, Gwaggo. Da me zan kwaɓa?"

"Ruwan sama na tafe."

Ita ta roƙi yayanta. Ya ce daga ranar da ruwan fari ya sauka, kwana bakwai ya bayar, ko yini ba zai ƙara ba.

Ruwa ya sauka ranar wata Laraba, tabki ya cika. Da gari ya waye kowa ya ɗauki iri ya nufi gona, don a ƙasar Damargu laimar shuka ba ta jiran mutum. Yahuza ya tsaya a tsakar gida yana duban ƙwaryar iri. Ya ajiye ta, ya ɗauki gatari ya sari ƙofar da ya gina da hannunsa.

Kwana shida yana kwaɓa yana yaɓawa, tafin hannunsa ya tsage. Gwaggo Asibi tana zaune a kan turmi da kara a hannu: nan kanta, nan gado, ƙara taki ɗaya. Tana danna tasoshi cikin ɗanyen bango ɗaya bayan ɗaya, har ɗakin ya ɗauki ido. A rana ta bakwai mutum biyu suka shigar da gadon bai taɓa ko gefe ba.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a. Malam Barmo ya dafa kansu ya ce, "Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku masu yi muku biyayya." Sakinatu ta dubi bangon, ta kama hannun mijinta da ya tsattsage ta riƙe.

Ruwa na biyu bai zo ba sai bayan kwana ashirin. Geron da ya shuka a makare bai yi ido ba. Shekarar nan duka, Yahuza da ba ya tambayar kowa komai, shi ne ke saɓa buhu a kafaɗa ya bi ta tsakiyar gari zuwa rumbun surukinsa roƙon hatsi.