Ihun da Ya Shiga Kaset

"Oppa!"

Ihun ya riga ya fita kafin in kama bakina.

Tsanin ya zame, gwangwanin jan fenti ya yi sama, Dusik ya faɗo tim a kan ƙaton ƙyallen da yake zanawa. Ban san lokacin da na bar makirufo na isa kansa ba.

"Ka ji ciwo? Ina ne? Motsa yatsunka in gani!"

Bai motsa komai ba. Yana kwance, fenti ya wanke masa rabin fuska, ya ƙura mini ido kamar yau ya fara ganina.

"Sunok... me kika ce?"

Sai a lokacin na lura ɗakin ya yi tsit. Mai jita ya dafe tsirkiyarsa, mai ganga ya bar sanda a sama. Ita kuwa rikoda tana ta juyawa abinta, jar wutarta a kunne.

Wayyo ni!

Watan Yuni ne na 1987, muna ƙarƙashin wani coci a Seoul, babban birnin ƙasarmu, da aka ara mana zuwa ƙarfe huɗu na yamma. Ƙungiyarmu ta ɗalibai mawaƙa tana ɗaukar kaset ɗin da hukumar tace waƙoƙi ba za ta taɓa buga wa hatimi ba. A wurinmu namiji yana kiran yayansa hyong, mace tana kiran yayanta oppa. To amma oppa tana da aiki na biyu da kowace budurwa ta sani, da ita ake kiran masoyi. Shi ya sa mu 'yan matan gwagwarmaya muka jefar da ita, muka ari ta maza. Kowane namiji da ya girme mu hyong ne, magana ta ƙare, babu soyayya sai ƙasa ta sami 'yanci daga mulkin soja.

Shekara uku ina ce wa Bang Dusik hyong. Shekara uku ina wanke masa buroshi ina ƙaryar wai don ƙasa nake yi.

"Kashe rikodar nan."

Yaya Jongnim ce, shugabarmu. Ta girme ni da shekara biyu, ita ta rubuta dokar hana soyayya da hannunta, kuma ita ce kullum ke kawo wa Dusik shayin sha'ir mai sanyi ba tare da kowa ya aike ta ba.

"Mu sake ɗauka," na ce.

"Mu sake? Sau goma sha ɗaya muka yi, wannan kaɗai ta fita lafiya. Dubi agogo!"

"Yaya, don girman..."

"Ni ke kwafa, zan yanke wurin." Ta zare kaset ɗin ta jefa a jaka. Ta yi mini wani murmushi da ya kamata tun a nan in sha jinin jikina. "Kwantar da hankalinki, ƙanwata."

Ba ta yanke ba.

Kwana biyar kaset ya zagaye makaranta, ya tsallaka wasu makarantun, ya shiga masana'antun ɗinki. Wanda ya samu ya kwafa wa uku, ukun su kwafa wa tara. Waƙar tana kaiwa ƙarshe, muryata tana sauka a hankali, sai ƙarar faɗuwa, sai ihun nan nawa tar kamar a kunnenka aka yi.

Ina shiga ɗakin cin abinci samari suka ɗauka.

"Oppaaa!"

"Ke Sunok, wane ne mai sa'ar? Ni ma fa ina iya faɗowa daga tsani!"

Na ajiye tire na nufi ofishin ƙungiya kamar zan tashi sama.

"Yaya, kin ce za ki yanke!"

"Au! Na manta." Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Aiki ya yi yawa. Amma tunda kin zo, kwamiti ya zauna. Doka doka ce. Ba za ki yi waƙa a gangamin ranar Juma'a ba, ni zan ja waƙar."

"Kwamitin su wa?"

"Ni ce kwamitin."

A matakala Dusik ya tare ni, hannunsa naɗe da bandeji.

"Sunok, tsaya. Kwana biyar kina gudu na."

"Ba ni hanya, hyong."

"Hyong kuma?"

"To da me?"

"Ranar nan ba haka na ji ba."

"Ka bugu ne a ka, kunnenka ya samu matsala!"

Na zille na ruga. Kunya ce fal cikina, da tsoron kada ya ce shi ƙanwa ya ɗauke ni. Na gwammace in mutu ban sani ba da in ji wannan daga bakinsa.

Ashe babbar tana jira na a gida.

Tun daga bakin lungu na jiyo muryata tana fita daga shagon Abba. Gyaran rediyo yake yi, a shagon nan babu abin da ake kunnawa sai labarai da hasashen yanayi. Na same shi tsaye, ambulan a hannunsa, an rubuta a bayanta: Ka saurari 'yarka. Rubutun hannun da ya rubuta dokar ƙungiyarmu ne, ko a mafarki na gan shi zan gane.

Sai da ya bari ihun ya wuce sannan ya danna maɓalli.

"Makarantar koyon malanta na tura ki."

"Abba..."

"Rufe mini baki! Wa kike kira a nan? Ni dai na san ban haifa miki yaya ba."

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Haba mai gida, bi a hankali. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Ai gudun barewar nake tuna mata!"

Ya buga hannu a teburi har ƙusoshi suka yi tsalle. Kafin ya zama mai gyaran rediyo Abba makaɗin jita ne, yana da waƙa ɗaya da direbobi da 'yan kasuwa suka haddace. A 1975 aka hana ta. Dalili? Wai tana sa mutane baƙin ciki. Hatimi ɗaya aka buga a takarda, gidajen rediyo suka daina kiransa, abokai suka daina gaishe shi. Tun ina 'yar firamare jitarsa take saman kabad naɗe da tsohon bargo.

"Tawa ta soyayya ce kawai, suka kashe ta," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Taki fa? Taki ke za su kashe. Ranar Juma'a za ki tafi garin Mokpo wurin gwaggonki."

Washegari ina ɗaki ina kuka na ji murya a shago. Na manna kunne a ƙofa.

"Baba, sunana Bang Dusik. Ni ne na faɗo daga tsanin."

Na tabbata ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa, don na ji akwatin batura ya kife.

"Kai ne oppan?"

"Ina fata, Baba. Ba ta ba ni damar tambaya ba."

Yana fata? Yana fata!

"Me kake da shi?"

"Hannu biyu da buroshi."

"Buroshi ake dafawa a garinku?"

"A'a, Baba, amma..."

"Ni ma jita na ce wa surukina. Je ka tambayi matata abin da ta ci shekara goma sha biyu. Tashi ka fita, ka kuma kwashe mini baturan nan kafin ka tafi."

Na zame a bayan ƙofa ina kuka ina dariya, ni kaina ban san wanne ya fi yawa ba.

Ranar Juma'a Abba da kansa ya ɗauki jakata, don ya san idan Umma ce za ta raka ni, ba tasha za mu je ba. Jirgin ƙasa na ƙarfe shida ne. Biyar da rabi bas ɗinmu ya tsaya cak kafin babbar kasuwa, direba ya kashe inji ya ɗora hannu a kan hon.

Duk motocin titin suka amsa.

"Ku sauka, nan ce iyaka!" direban ya ce yana dariya. "Yau titi ba namu ba ne."

Muka sauka cikin mutane. Kai! Ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba ɗalibai kaɗai ba, ga ma'aikatan banki da laktaye a wuya, ga mata 'yan kasuwa suna raba ruwa, daga tagogin benaye ana jefo takardar goge hanci saboda barkonon tsohuwa. Wata tsohuwa ta kama ni ta shafa mini man goge baki a ƙarƙashin ido don rage raɗaɗin barkonon, ba tare da ta tambaye ni ba, ta juya ta shafa wa Abba.

"Riƙe hannuna," Abba ya ce. "Kada ki kalli ko'ina."

Ta yaya ba zan kalla ba?

Daga saman wani bene ƙyallen Dusik ya warware, hawa uku tsawonsa. Mace ce ta ɗaga kai tana waƙa. Inda fentin nan ya zube, Dusik bai goge ba, ya mayar da shi jan gyale yana kaɗawa a wuyanta. A gefen leɓenta na hagu akwai ɗan tabo baƙi.

Na taɓa nawa leɓen.

Abba ya dubi ƙyallen, ya dube ni, ya ce, "Ɗan banzan yaro."

Sannan aka fara waƙar.

Waƙata. Dubban mutanen da ban taɓa gani ba suna rera ta baiti bayan baiti, har da inda nake jan numfashi. Ta zo ƙarshe, ta sauka a hankali, aka yi ɗan shiru. Sai titin gaba ɗaya ya tsage.

"OPPA!"

Shi ke nan, na ce a raina, abin kunyata ya zama na ƙasa baki ɗaya.

Amma babu mai dariya. Matar da ke gefenmu, sanye da rigar masana'anta, ta rungume hoton wani saurayi, hawaye yana wanke man goge bakin da ke fuskarta.

Abba ya taɓa kafaɗarta. "'Yata, ihun me kuke yi a ƙarshe?"

"Ai cikin waƙar yake, Baba! Ba ka ji kaset ɗin ba? Yarinyar tana waƙa 'yan sanda suka faɗo musu, ta kira yayanta da aka tafi da shi." Ta ɗaga hoton. "Nawa wata bakwai ke nan. Kowa a nan yana da wanda yake kira."

Aka sake ɗaukar waƙar daga farko. Na ga leɓen Abba yana motsi, yatsun hannunsa na hagu suna danna hannun jakata ɗaya bayan ɗaya, yana neman sautin.

"A kaset ɗin nan, a baiti na biyu mai jitarku yana kuskure," ya ce.

"Abba?"

"Tawa da hatimi ɗaya suka kashe ta." Ya dubi kan mutanen har iya ganinsa. "Wannan ina za su sami hatimin da zai ishe ta?"

Ya ciro tikiti ya duba agogo.

"Shida ta wuce. Jirgi ya tafi, ba laifina ba ne, haka za ki faɗa wa gwaggonki." Ya tura ni gaba. "Je ki! Waccan mai lasifikar tana kashe mini kunne."

Na kutsa ina ture mutane. A bayan wata motar ɗaukar kaya Yaya Jongnim take tsaye, muryarta ta dishe, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Ta gan ni. Na zaci za ta kau da kai.

Ta miƙo hannu ta jawo ni sama.

"Na so in kunyata ki," ta ce a kunnena, "sai na raba wa duk gari muryarki. Karɓi. Ba tawa suke so ba."

"Dokar fa, Yaya?"

"Ni ce kwamitin. Yi waƙa!"

Na yi waƙa. Ban taɓa yin irinta ba, ban kuma sake ba. Barkono yana cin idona, mutane suna ɗauke da muryata, can gefe ina hango Abba rungume da jakata yana kaɗa kai. Da na zo baitin ƙarshe na ɗaga ido saman benen. Dusik yana can, igiyar ƙyallen naɗe a hannunsa mai bandeji.

Wannan karon ba kuɓucewa ta yi ba. Na cika ƙirjina, na dube shi ido cikin ido, na faɗa cikin lasifika.

"Oppa!"

Dubbai suka faɗa tare da ni, kowa da nasa. Amma daga sama murya ɗaya ta sauko, a fashe, kamar mai ita zai biyo ta.

"Na'am! Na'am, masoyiyata! Shekara uku nake jira!"

"Riƙe igiyar da kyau, kada ka sake faɗowa!"

"In za ki sake kira, zan faɗo!"

Titi ya kwashe da dariya da tafi. Yaya Jongnim ta rufe fuska da hannu, ta ce mun zubar wa gwagwarmaya mutunci.

Da bazara ta zagayo aka ɗaura mana aure. Abba ya sauko da jitarsa daga saman kabad, ya kaɗa waƙarsa da aka hana, Umma ta yi kuka har kwalliyarta ta lalace. Bai daina kiran mijina ɗan banzan yaro ba har ya bar duniya, amma shi ya ƙera masa tsani mai faɗin ƙafa.

Har yau idan aka rera waƙar a taro ana yin ihun a ƙarshe, masana kuma sun yi ta bayani a kan ma'anarsa. Ba na gyara musu. Nakan dai saurara, don a cikin taron akwai wani tsoho mai furfura da fenti a farce, wanda ke matse hannuna ya amsa a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Na'am."