Wayar da Na Bari a Kan Filo

"Umma, don Allah ki duba! Ga shi nan a rubuce, taku ɗari biyu kacal ta yi yau!"

Muryar mijina ce daga falo. Ina kwance a ɗaki, na ja bargo har wuya, hannuwana kuwa ko bushewa ba su yi ba daga wanke-wanke. Ƙarar babur ɗinsa na ji na faɗa gado da gudu.

"To ni ce maƙaryaciya ke nan?" in ji Umma, mahaifiyarsa. "Na ce maka yarinyar nan tun safe ba ta zauna ba. Shara, wanki, ta kai ni banɗaki ta dawo da ni..."

"Ba haka nake nufi ba. Magungunanki ne suke sa ki barci, sai ki riƙa haɗa jiya da shekaranjiya."

Wallahi da mari aka ɗauke ni da shi da ya fi mini sauƙi.

Da sikila aka haife ni. Gajiyarmu ba irin ta kowa ba ce, sai ka wayi gari kamar an ɗora maka buhun siminti, in ka yi taurin kai ciwo ya tashi. Shi ya sa nas ɗin asibitinmu ta saka mini wata manhaja a waya. Kullum da safe za ta tambaye ni ƙarfin jikina, in danna kore, ko rawaya, ko ja. Tana kuma ƙirga takuna. In na wuce dubu uku, ko na danna ja, nan take saƙo zai faɗa wayar mijina. Shi kuwa malamin makaranta ne, tsakanin darasi da darasi ba shi da aiki sai leƙa ta.

Mako uku ke nan da aka yi wa Umma aikin gwiwa ta dawo gidanmu jinya. Matar nan ita ta tsaya mini lokacin da dangi suka ce kada ɗanta ya auri mai ciwo. "A kasuwa ta saya?" ta ce da su. Yau ga ta kwance, ni kuma in naɗe hannu?

Ranar farko, kafin azahar waya ta tona mini asiri. Sai ga Yallaɓai ya baro aji, alli har a gemu, yana cewa zai mayar da Umma gidan ƙanwarsa. Kunya ta kama ni. Washegari na danna kore, na kwantar da wayar a kan filo, na fita aikina. Haka kullum, ita tana hutawa, ni ina jan ƙafa. Na ɗauka dabara na yi.

Na yaye bargon na fito. Umma na zaune tana share ido da gefen mayafi, sandarta a jingine.

"Hasken idona, me ya tashe ki?" ya ce. "Koma ki kwanta."

"Gaskiya Umma ta faɗa."

"Me?"

"A kan filo nake barin wayar. Kullum... tun rana ta biyu."

Ya dubi wayarsa, ya dube ni. Da ma ya yi faɗa! Amma sai ya zauna a hannun kujera a hankali.

"Kore ɗin fa?"

"Ko ɗaya babu na gaskiya."

"Kin san me nake yi in na ga kore? Hamdala nake a gaban ɗalibai, har dariya suke mini. Ashe wa filo nake yi wa hamdala..." Ya mayar da wayar aljihu. "Kuma kin bari na kalli uwata na ce ta rikice."

Nan na durƙusa gaban Umma, na kifa kai a cinyarta mai lafiya, ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Umma ki yafe mini! Tsoro na ji kada a ɗauke ki, a ce auren mai ciwo bai amfane ki da komai ba."

"Ke, ja'ira!" Ta dafa kaina. "'Yar aiki na nema wa ɗana? In kika faɗi a gidan nan saboda ni, da wane ido zan kalli mutanen da na rufe wa baki?"

Shi ma ya sauko ya durƙusa a gefena. "Umma, na yarda da waya na ƙi yarda da ke. Ki gafarce ni."

"Kai naka daban ne, sai na warke zan rama da sandar nan. Je ka ɗauko mata wayar."

Ya ɗauko ya miƙo mini, bai saki ba sai da muka haɗa ido.

"Gobe ƙanwata za ta riƙa zuwa da safe, Umma ba inda za ta," ya ce. "Ni abu ɗaya nake roƙo, masoyiyata. Yanzu, a wannan lokacin, yaya jikinki?"

Bayana na sara, gwiwoyina kamar ba nawa ba. Na kalli launukan nan uku ta cikin hawaye, yatsana ya nufi inda ya saba. Na janye shi, na danna ja.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Bai ko duba ba, ya sunkuya ya ɗauke ni cak.