Manhajar da Ba Ta Cin Data

A garin Groningen akwai wata yarinya mai son kwamfuta. Wata rana iyayenta suka karɓi riƙon wani yaro mai suna Jelte. Ya zauna a gidaje da dama, amma bai san wannan garin ba.

A makaranta, Malam Wiebe ya ce kowa ya ƙirƙiro abin da zai amfani wani. Yarinyar ta haɗa manhajar waya mai nuna wa yaran riƙo asibiti da laburare da ofishin masu kula da su. Ta saka wa Jelte a wayarsa.

"Tsaya, wayar nan tawa fa..." in ji Jelte.

"Kai dai danna kawai! Ni na haɗa ta."

Ran Laraba haƙori ya matsa wa Jelte. Ya hau keke zai je wurin likita. A hanya ya buɗe manhajar, ta ƙi nuna komai. Ya yi ta yawo cikin ruwan sama, ya dawo jiƙe sharkaf, kumatu a kumbure.

"Ba ni da data," ya ce. "Yawancinmu ba mu da ita. Abin da na so in gaya miki ke nan."

Kunya ta kama yarinyar. Mama ta kai shi wurin likita, da ta dawo ta ce, "'Yata, kin ɗinka masa riga ba ki gwada shi ba."

Washegari ta gaya wa malaminta.

"To, wa ya fi sanin abin da ake buƙata?" ya tambaya.

"Jelte, Malam."

Ta ba Jelte haƙuri, suka zauna tare. Suka ajiye taswirar garin a cikin wayar kanta. Jelte ya ƙara wurin gyaran keke da inda ake cajin waya kyauta.

Suka kashe intanet, suka fita gwaji. Sai ga hanya ta fito tar!

"Ta yi! Gwana, yau dai kin ci!" Jelte ya yi ihu, har ya kusa faɗawa magudanar ruwa.

Masu kula da yara suka raba manhajar ga sauran yaran riƙo. Mama ta soya fanke, Jelte ya ci da gefe guda na bakinsa, suna ta dariya.

Tun daga ranar yarinyar ta gane: in za ka taimaki mutum, fara saurarensa.